Anti, in ci bashin dala 27,000 don karatun medikal asistant?

Wannan saƙon daga wata 'yarmu yake a garin Greensboro, jihar North Carolina a Amurka, 'yar asalin Maraɗi ce, na ɗan taƙaita shi saboda tsawo.

"Salam Anti, dan Allah shawara nake nema. Shekarata 26, yau shekara uku da zuwana ƙasar nan, inada grin kad. Ina aiki a wani sito na kamfani, dala 17 a awa, tsayuwa ce tun safe har yamma, bayana har ya fara ciwo. Tun ina gida burina inyi aikin asibiti. Na cike wani fom a intanet, washegari wata makarantar kuɗi ta kirani, naje sun zagaya dani, sun nuna min ɗakin koyon ɗibar jini da kayan aiki masu kyau, sukace in nayi digirin asoshiyet na medikal asistant zan gama cikin ƙasa da shekara biyu kuma aiki yana jirana. Kuɗin duka dala 38,000 ne, amma in an cire tallafin Pell da wani ragi da zasu min, abinda zan ranta 27,000 ne, 20,000 daga gwamnati, sauran 7,000 daga banki, kawuna zai sa min hannu. Sunce aji zai fara nan da kwana goma kuma kujeru sun kusa ƙarewa. Ina turawa mamana kuɗi duk wata, ƙannena biyu suna makaranta. Nan gaba inaso in zama nas. Zuciyata taƙi kwanciya saboda bashin da kuma ruwan dake kai, amma ina tsoron in ban shiga yanzu ba haka zan dawwama a sito. Ya zanyi?"

Wa alaikis salam 'yata. Allah ya miki albarka da kika tsaya tambaya kafin ki sa hannu, dan da yawa sai bayan takardar biya ta fara zuwa suke rubuto min. Amsata a gajarce: aikin medikal asistant, wato mai taimakon likita a kilinik, yana da kyau, ki neme shi, amma kada ki saye shi a wannan farashin, kuma kada ki sa hannu cikin kwana goman nan. Yanzu bari in zauna dake muyi lissafi, saboda banaso ki ɗauki maganata dan kawai ni na faɗa, inaso ki ga lambobin da idonki.

Ma'aikatar ƙwadago ta Amurka tana fitar da alƙaluman albashi duk shekara, kuma a na 2023 tsakiyar albashin medikal asistant a faɗin ƙasar dala 42,000 ne a shekara, wato kaɗan sama da dala 20 a awa. Tsakiya fa nace, rabin ma'aikatan suna ƙasa da haka, kuma cikin lissafin harda waɗanda suka shekara goma sha a bakin aiki, harda na jihohi irin su California da Washington inda albashi yake da tsoka dan rayuwar can ma tsada gareta. Ke da zaki fito sabuwa fil a jihar kudu, ki sa a ranki dala 18 ko 19 zaki fara dashi, in Allah ya taimaka ki taɓa 20. Kada ki yarda dani a nan ma, ki buɗe shafin neman aiki na Indeed yau da daddare ki rubuta sunan aikin da sunan garinku, ki karanta talla goma, zaki ga abinda suke rubutawa da hannunsu.

Toh ga inda mutane suke ruɗewa. Idan mai tallar makaranta yace miki "zaki riƙa samun 42,000 a shekara, menene 27,000?", sai kiji kamar bashin ƙarami ne, albashin shekara ɗaya ma ya fishi. Amma ai ke ba daga sifili kike tasowa ba. Yanzu haka kina samun 17 a awa, in kina cika awa 40 a sati hakan ya haura dala 35,000 a shekara, ba tare da bashin kowa a wuyanki ba. Abinda karatun zai ƙara miki shine abin aunawa, shi za'a ɗora a sikeli da bashin. In kika samu 19, ƙarin dala 2 ne a awa, a shekara 4,160, a wata kusan 350, kuma kafin ya shigo hannunki an cire harajin tarayya da na jiha da na Social Security da Medicare, sai ya dawo wajen 265. In kika dace da 20, ƙarin zai kai kusan 520 a wata, bayan haraji wajen 400.

Yanzu ɗaya gefen. Bashin gwamnati na ɗaliban digirin farko a shekarun nan ruwansa ya ɗan haura kashi 6 cikin ɗari, waɗanda suka karɓa a zangon 2024 zuwa 2025 kashi 6.53 aka sa musu. Dala 20,000 a kan haka, biya cikin shekara goma, wajen 227 ne duk wata. Na banki kuwa ruwansa ya danganta da tarihin kiredit ɗin kawunki, wato tarihin yadda yake biyan bashi, in muka ƙaddara kashi 11, to dala 7,000 ɗin zasu riƙa cin kusan 96 a wata. Ki haɗa da ruwan da zai taru tun kina aji, dan wani ɓangare na bashin gwamnatin da duk na bankin basa jiran ki gama, daga ranar da aka fitar da kuɗin suke fara ƙirga. Ki ce dai 330 duk wata. Sau wata 120, kusan dala 40,000 kenan zaki mayar a kan 27,000 da kika karɓa. Kinga kenan in albashinki 19 ne, ƙarin 265 ya shigo, 330 ya fita, kin gama digiri amma abinda yake rage miki a ƙarshen wata bai kai na lokacin da kike sito ba. In 20 ne, ribarki dala 70 a wata. Kuma ban ma saka awannin aikin da zaki rage dan zuwa aji ba, da makonnin koyon aiki a kilinik wanda yawanci ba'a biya. Albashi zai ɗan riƙa hawa da shekaru, gaskiya ne, amma na wannan aikin hawansa a hankali yake kuma yana da inda yake tsayawa.

Wannan lissafin ne ya hana zuciyarki kwanciya, tun baki zauna kin yishi a takarda ba jikinki ya baki.

Kada ki fahimceni baibai, ban raina aikin ba ko kaɗan. Medikal asistant itace wadda take kiran sunanki a ɗakin jira, ta ɗoraki a sikeli, ta ɗaura miki abin awon jini a hannu, ta tambayeki wane magani kike sha ta shigar a kwamfuta, ta shirya ɗaki kafin likita ya shigo, wani wajen ta ɗebi jini ko tayi awon zuciya, bayan kin tafi kuma ita zata kira kamfanin inshora ta zauna a waya tana jiran amincewarsu. Yawancinsu a kilinik suke, Litinin zuwa Juma'a, babu kwanan dare, ga inshorar lafiya da hutun da ake biya a wurare da yawa, kuma ga mace mai hijabi wuri ne da zaki yi aikinki da mutunci. Ke kuma kina da abinda wasu basu dashi, kina jin Hausa da Faransanci, a gari irin Greensboro da 'yan Nijar da sauran 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa, ranar da wata tsohuwa zata shigo bata jin Turanci ta ganki a bakin ƙofa, ke kanki zaki san kinyi amfani. Ana kuma neman ma'aikatan sosai, yana cikin ayyukan da gwamnati ke hasashen zasu ƙaru fiye da yawancin sauran. Duk wannan gaskiya ne. Bayanki ma zai ɗan huta, duk da dai akwai tsayuwa da zirga-zirga a ciki. Saidai ki gayawa mutanen gida tun yanzu cewa wannan daban yake da mataimakin likita da ake kira PA, mai duba marasa lafiya da kansa, shi wancan sai da digiri na biyu kuma albashinsa ya ninka wannan fiye da sau biyu, kar a ji kina aiki da likita a fara turo miki buƙatun da suka fi ƙarfin albashinki.

Abu na biyu da basu gaya miki ba a zagayen da suka yi dake: ba sai da digirin shekara biyu, wato asoshiyet ɗin, ake wannan aikin ba. A yawancin jihohi babu ma lasisin gwamnati a kansa, abinda masu ɗaukar aiki suke dubawa shine takardar shaidar ƙwarewa, irin su CMA da ƙungiyar AAMA take bayarwa, ko RMA, ko CCMA. Wadda tayi difloma ta kusan shekara ɗaya a shirin da hukumomin tantance karatun lafiya, CAAHEP ko ABHES, suka amince dashi, jarabawar CMA ɗin da mai asoshiyet zata zauna ita ma ita zata zauna, takarda iri ɗaya zasu fito da ita, kuma sau da yawa a kilinik ɗaya zasu haɗu suna karɓar kusan kuɗi ɗaya. Asoshiyet yana ɗan taimakawa daga baya in ana neman wadda zata shugabanci sauran ko ta kula da ofis, ban musa ba, amma ba abinda zai sa ki biya dubu talatin da takwas a kansa bane.

Dan ga shi nan a ƙofar gidanki da araha. Kwalejojin gwamnati na North Carolina, irin GTCC da ke yankinku, dala 76 suke karɓa a kan kowane kiredit na karatu, wato ma'aunin da ake ƙirga darussa dashi, ga mazaunin jiha. Digirin asoshiyet kiredit sittin da wani abu ne zuwa saba'in, ki buga da kanki, kuɗin karatun gaba ɗaya dala dubu biyar ne da 'yan kai, sai ki ƙara littattafai da yunifom da alluran rigakafi da ƙananan kuɗaɗen rajista. Ke da kika shekara uku a jihar da grin kad, sharaɗin zama na wata 12 kin cika shi, akwai fom na tantance zama da ake cikewa a intanet, RDS suke ce masa. Tallafin Pell ɗin da waccan makarantar take lissafa miki kamar alherinta ne, naki ne, na gwamnatin tarayya ne, duk makarantar da aka amince da ita kika je zai biki, mafi yawansa dala 7,395 a shekara. Akwai kuma Next NC Scholarship na jiha ga masu ƙaramin samu, shima ta FAFSA ake shiga, wato fom ɗin neman tallafi da bashin karatu na gwamnati. A can 38,000 tallafin zai narke ko a jikinsu, a nan kuwa zai iya rufe yawancin kuɗin ko ma duka.

Akwai wani abu game da Pell da nakeso ki kula dashi sosai. FAFSA tana duba abinda kika samu shekara biyu baya ne. Ke shekarar farkon zuwanki nasan ba wani kuɗi kika samu ba, shiyasa tallafin ya fito da kauri a takardar da suka nuna miki. Shekara mai zuwa za'a duba lokacin da kike cikakken aiki a sito, ga ki ba aure ba ɗa, tallafin zai iya raguwa sosai. Kuma 20,000 ɗin gwamnati iyakarki kenan a shekara biyun farko, 9,500 sannan 10,500, ba ƙari. Toh in Pell ya ragu giɓin daga ina za'a cike shi? Daga banki, da sa hannun kawu. 27,000 ɗin nan zai iya zama 30,000 ko fiye kina tsakiyar karatu, lokacin da ba halin ja da baya. Sannan Pell yana da iyaka a rayuwar mutum, kwatankwacin shekara shida na cikakken karatu, duk abinda kika ƙona yanzu babu shi ranar da zaki shiga karatun nas.

Maganar nas ɗin ma ita tafi tsaya min a rai cikin saƙonki, a layi ɗaya kika faɗeta kika wuce amma ni a ganina itace zuciyar maganar. In nas kikeso ki zama, ki sani medikal asistant ba matakalarta bace kai tsaye. Darussan da zakiyi na wannan fannin yawanci makarantar nas bata ƙirga su, abinda ake ɗauka sune darussan gama-gari irin Turanci da lissafi da ilimin sassan jiki, shima in makarantar da zaki koma ta yarda da inda kika yi su, kuma a nan ne makarantun kuɗi da yawa suke bada kunya. Na san wata baiwar Allah 'yar Ghana da tayi irin wannan digirin a wata makarantar kuɗi, bayan shekara uku tana aiki ta ɗauki takardar sakamakonta ta kai ofishin rajista na kwalejin gwamnati tana murna zata shiga nas, matar dake wajen ta bi layi-layi da biro, a ƙarshe darasi biyu kacal ta zagaye tace waɗannan zamu karɓa, sauran sai ki sake. Tana biyan bashin wancan, tana zaune a aji da 'yan shekara sha takwas tana maimaita abinda ta riga ta biya. Banaso hakan ta sameki. Ki duba banbancin albashi kuma: a wannan shekarar ta 2023 tsakiyar albashin cikakkiyar nas, RN, ya haura dala 86,000, na LPN, nas mai matakin ƙasa da RN, wadda karatunta kusan shekara ɗaya ne, ya kusa 60,000. Digirin RN ɗin ma akwai na shekara biyu a kwalejin gwamnati, a kan wannan dala 76 ɗin dai, saidai shiga yana da wuya, ana gasa, sai kin gama darussan share fage da maki mai kyau sannan kin ci jarabawar shiga. In za'a ci bashi dole, irin wannan karatun ne yake iya ɗaukar nauyin bashinsa.

Nasan abinda zaki ce, kuma kina da gaskiya: kwalejin gwamnati akwai jira. Shirye-shiryen lafiya kujerunsu ƙidayayyu ne, galibi sau ɗaya ake ɗauka a shekara, ba mai kiranki a waya sau uku a rana, ke zaki bi layi, ke zaki nemi a tantance takardar bak ɗinki ta gama sakandare a Nijar, wataƙila su ce sai kinyi gwajin Turanci ko ki fara da ajin ƙarfafa shi. Jadawalin ma ba lallai ya dace da shiftinki ba. Wannan wahalar ita makarantun kuɗi suke sayar miki da maganinta, aji yana farawa kusan duk wata, komai a sauƙaƙe, fom ma su zasu tayaki cikewa. Amma ki auna, jiran wata takwas ko shekara kina aiki kina tara 'yan kuɗi kina rage darussan share fage ɗaya-ɗaya, da biyan 330 na shekara goma har ki kusa arba'in. Hausawa sunce sauri ya haifi nawa. Batun kujeru sun kusa ƙarewa kuma, ki gwada ce musu sai wata mai zuwa, zaki ga kujera ta samu. Mutumin da ya zagaya dake aikinsa kenan ya cika aji, bance mugu bane, amma ba shi zai biya ba.

Ba kuma tsoro nake baki a banza ba, abin ya taɓa faruwa a idon kowa. Kamfanin Corinthian Colleges, masu makarantun Everest, wanda karatun medikal asistant yana cikin manyan hajojinsu, ya rushe a 2015 bayan an kama su da ƙara gishiri a alƙaluman waɗanda suka samu aiki. Sai a 2022 gwamnati ta yafe bashin dala biliyan 5.8 na ɗalibansu kimanin 560,000, shekara bakwai mutane suna ɗauke da kaya. Bance makarantar da ta kiraki haka take ba, akwai na kuɗin da suke koyarwa tsakani da Allah. Amma akwai hanyar dubawa. Ma'aikatar ilimi tana da shafi mai suna College Scorecard, kyauta ne, ki rubuta sunan makarantar ki shiga ɓangaren fannonin karatu, zai nuna miki bashin da ɗaliban wannan fannin suke fita dashi da abinda suke samu bayan sun gama, da kashi nawa ne ma suke gamawa. Ki buɗe na kwalejin gwamnati a gefe ki jera su. Sannan ki tambayi makarantar kuɗin a rubuce, ta imel, kashi nawa na ɗalibansu suke cin jarabawar shaida, su waye suka amince da shirin nasu, kuma wace makarantar nas ce a jihar take karɓar kiredit ɗinsu. Sai ki kira waccan makarantar nas ɗin da kanki ki tabbatar. Takardar yarjejeniyar shiga kuma ki ce zaki tafi da ita gida ki karanta, ki nemi wajen da yayi maganar mayar da kuɗi in mutum ya fasa. In sukace ba'a fita da ita, kin samu amsarki.

Sai maganar kawu. 'Yata, wanda ya sa miki hannu a bashin banki ba shaida yake ba, bashin nasa ne kamar yadda yake naki. Wata ɗaya kika makara zai shiga tarihin kiredit ɗinsa, in yazo sayen gida ko mota za'a lissafa masa wannan bashin a kansa, in kika kasa shi za'a bi. Bashin banki kuma baya da sassaucin na gwamnati, babu tsarin rage biya daidai da samunki, babu yafiya. Ki tuna kawun nan ƙanin mamanki ne ko yayanta, ranar da aka samu matsala maganar ba a Greensboro zata tsaya ba, sai ta isa Maraɗi kafin magariba. Na ga zumuncin da irin wannan ya ɓata kuma gyaransa yafi biyan kuɗin wuya. Ki gode masa sosai da niyyarsa, in yana da halin taimako ya taimaka da kuɗin littafi ko gyaran mota.

Na gwamnatin ma kada kiji ance gwamnati ki saki jiki. Bayan kin gama ko kin daina zuwa wata shida ake baki, daga nan biya ya fara, ko kin samu aiki ko baki samu ba, ko kin kammala ko kin yanke a hanya. In mutum ya kwana 270 bai biya ba an sashi a jerin waɗanda suka gaza, za'a iya riƙe kuɗin harajin da ake dawo masa dashi, a yanki har kashi 15 na albashinsa ba tare da an je kotu ba, kuma bashin karatu ko mutum ya ayyana karyewar arziki da ƙyar yake sauka. Akwai shirin yafiya na PSLF ga wanda yayi biya 120 yana cikakken aiki a gwamnati ko asibitin da ba na riba ba, yana da amfani in kin dace da irin wajen, amma kilinik ɗin likita mai zaman kansa baya ciki, kuma nan ne medikal asistant da yawa suke aiki. Dokokin biyan ma sai canzawa suke, ko a Yulin 2025 an sa hannu a dokar da ta sauya tsarin ga waɗanda zasu karɓi sabon bashi daga Yulin 2026. Bana son ki gina shekara goma na rayuwarki a kan fatan za'a yafe.

Game da ruwa, ni ba malama bace kuma bazan baki fatawa ba, ki samu malamin da kika yarda da iliminsa wanda ya san yadda rayuwar ƙasar nan take ki tambaye shi. Abinda zan iya cewa shine masu sassautawa ma akan larura suke magana, lokacin da babu wata hanya. Ke kuwa kina da hanya, kwalejin da tallafi zai iya rufewa, sauran ki biya kashi-kashi a cikin zango, yawancinsu suna da wannan tsarin da ɗan kuɗin rajista kawai. In kina adashi da matan unguwa ki nemi kwasarki ta faɗo watan biyan kuɗin makaranta. Ki leƙa NCWorks ma, ofishin taimakon masu neman aiki na jiha, suna da kuɗin horaswa na gwamnati ga wasu ayyukan da ake nema, ki tambaya ko kin cancanta. Ki duba shafin ɗaukar ma'aikata na manyan asibitocin yankin irin su Cone Health, dan asibitoci da yawa a ƙasar nan saboda ƙarancin ma'aikata suna ɗaukar mutum suna koya masa aikin suna biyansa, wasu kuma in kin shiga ko a wane matsayi suna taimakawa da kuɗin karatu, doka ta yarda wanda ya ɗauke ki aiki ya biya miki har 5,250 a shekara ba haraji a kai. Ko kamfanin da kike yanzu ki tambayi ofishin ma'aikata, wasu manyan sitocin suna da irin wannan kuma mutane basa tambaya.

Da nice ke ga yadda zanyi. Satin nan in kira makarantar ince na dakata, ba sai nayi dogon bayani ba, in kuma na riga na basu izinin wani abu a FAFSA in shiga in ƙara sunan kwalejin gwamnati. Ranar hutuna in je kwalejin da ƙafata in nemi ganin mai bada shawara na ɓangaren lafiya, in ce masa ƙarara burina nas ne amma ina buƙatar fita daga sito da wuri, wace hanya ce mafi gajarta da bazata ɓata min kiredit ba. Zai iya nuna miki kwas ɗin CNA, wato mai taimakon nas, ko na ɗibar jini na 'yan makonni ko watanni, mai arha, wanda zai shigar dake asibiti kina ganin aikin da idonki, dama makarantun nas da yawa a jihar suna son mai CNA, saidai ki sani albashinsa zai iya zama daidai da na sito ko ƙasa kaɗan kuma shima akwai ɗaga marasa lafiya, ki faɗa masa maganar bayanki. In kuma bayan kin duba kinga medikal asistant ɗin ne dai ya kwanta miki, awanninsa sun dace da rayuwarki, to bismillah, kiyi shi a can a dubu biyar ko shida, zanyi farin ciki dake.

Mama kuma ki kirata ki gaya mata gaskiya, cewa zaki shiga karatu kuma akwai watannin da abinda kike turowa zai ragu, ki faɗa mata adadin da zaki iya ɗorewa akai ko da kaɗan ne, kuɗin makarantar ƙannenki ki sa shi a gaba. Iyaye mata suna ɗaukar irin wannan maganar fiye da yadda muke zato in an gaya musu tun da wuri. Ki kuma je a duba bayan nan tun bai yi nisa ba, in a wajen aiki ya samo asali ki sanar dasu a rubuce. In kin samo takardar tallafi daga kwalejin gwamnatin ki turo min ita tare da ta waccan makarantar, ki rufe sunanki da lambobinki, mu duba su tare. Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya ƙarawa Mama lafiya.